Iskar Taya da Zaɓen Taya ga Masu Manyan Baburan Gudu

Yau a filinmu na faɗakarwa kan kiyaye haɗurran hanya, da masu manyan baburan gudu za mu yi magana, irin waɗanda samari ke kira fawa bayik: su Yamaha R6 da R1, su Honda CBR, su Suzuki GSX-R da Kawasaki Ninja, waɗanda ake ƙara jin rugugin injinsu a titunan Abuja da Kaduna da Kano, musamman ranakun Asabar da Lahadi. Mai ƙaramin mashin ma kada ya murɗa rediyonsa, domin akasarin abin da za a faɗa ya shafe shi. Magana ɗaya zan tsaya a kanta har ƙarshen shirin nan. Duk wanda ke hawa irin wannan babur a kan titi, ya ba tayarsa iskar da kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya rubuta, ya auna ta taya tana sanyi, ya kuma sayi tayar da aka yi domin titi. Ya bar wa 'yan tsere iskarsu da tayarsu. Na san akwai masu ja da wannan magana, har da waɗanda suka daɗe suna hawa, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne, don haka za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da abin da ke taɓa ƙasa. Babur mai injin cc 600 ko 1000, idan an cika masa tanki, nauyinsa yakan kai kilo 190 zuwa 200 da 'yan kai tun kafin mahayi ya zauna, manyan cikinsu kuma ƙarfin injinsu ya kusa na doki 200. Duk wannan nauyi da ƙarfi, da taka birki, da kwanciyar da ake yi a kwana, ta wurare biyu kaɗai suke isa ga kwalta, kuma kowane ɗayansu faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Mota ƙafa huɗu gare ta, in ɗaya ta zame sauran ukun su rufa asiri. Babur kuwa in tayar gaba ta zame a kwana, sai dai a ɗaga mutum daga ƙasa. Sannan nauyin nan iskar da ke cikin taya ce take ɗauke da shi. Aikin roba da zaruruwan da aka saƙa a cikinta shi ne su tsare iskar su ba ta siffa. Yawan iskar shi ke yanke faɗin wurin da zai taɓa kwalta, da yadda taya za ta lotsa, da kuma irin zafin da za ta ɗauka.

Zafin nan shi ne ginshiƙin duk abin da za mu tattauna, saboda haka a ɗan ba ni lokaci a kansa. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya zo ƙasa yakan lotsa, in ya wuce ya miƙe. Tayar baya mai lamba 180/55 kewayenta ya kusa mita 2, ke nan a gudun kilomita 120 a awa tana juyawa wajen sau 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin sau dubu a minti. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya karya ta ya san yadda wurin lanƙwasar yake ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, kuma abin da ke faruwa ke nan a jikin taya. Roba kuwa tana son zafi, amma daidai gwargwado. In tana da sanyi takan yi tauri, ba ta shiga ƙananan ƙofofin kwalta ta kama. In ta ɗumama sai ta yi laushi ta damƙi titi. In zafin ya wuce kima sai samanta ya yi maiƙo ta fara santsi, a ciki kuma mannin da ya haɗa roba da zaruruwa ya raunana, har wata rana ya rabu. Ƙarancin iska yana ƙara lotsawa, lotsawa tana ƙara zafi. Yawan iska fiye da kima yana hana lotsawar, sai taya ta ƙi ɗumama, wurin da ke taɓa ƙasa ya tsuke, babur ya riƙa tsalle a kan kowane ɗan tudu. Lambar da kamfani ya rubuta ita ce wadda injiniyoyinsa suka gwada suka ga tana ajiye taya tsakanin waɗannan iyakoki biyu, ko da goyo ko babu, a cikin gari ko a doguwar hanya.

Lambar tana cikin littafin babur, kuma galibi akwai 'yar takarda da aka liƙa a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ko a murfin sarƙa. A yawancin baburan gudu na Japan masu cc 600 da 1000 za a ga 36 a gaba da 42 a baya a ma'aunin iska na PSI, wato 2.5 da 2.9 a ma'aunin bar. Amma kada a haddace wannan a ɗora wa kowane babur. Kawasaki Ninja 400, alal misali, abin da ake ba shi kimanin 28 ne a gaba da 32 a baya, domin bai kai su nauyi ba kuma tayoyinsa sun fi sirantaka. A kuma kula da wata lamba da ke rubuce a gefen taya ita kanta, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce umarni. Waccan tana faɗin iskar da taya ke buƙata ne kafin ta ɗauki iyakar nauyin da aka yi ta dominsa. A irin waɗannan tayoyi sau da yawa 42 ce a gaba da baya duka, don haka wanda ya bi ta ya zuba wa tayar gaba 42 ya yi mata ƙarin 6 a kan abin da babur ɗin yake so.

Duk waɗannan lambobi na taya mai sanyi ne, wato wadda ta huta awa 2 ko 3 a inuwa, mafi kyau da sassafe kafin a fita. Iska in ta yi zafi takan kumbura, kuma lissafin a bayyane yake: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ƙara kusan PSI 2 a irin wannan taya. Shi ya sa wanda ya taso daga Kano ya tsaya a Zariya ya auna zai iske 42 ɗinsa ta koma 46 ko fiye. Wannan ƙari ba matsala ba ne, kamfani ya riga ya sa shi a lissafi. Babban kuskure shi ne mutum ya ga haka ya danna bawul ya sace iskar ya mayar da ita 42, domin gobe da safe in taya ta huce zai tashi da 38 ba tare da ya sani ba. Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. A tsakiyar hunturu sanyin asuba a Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, a watan Afrilu kuma zafin rana ya kai 40. Wannan tazara ta digiri 25 kaɗai tana iya sauya iskar taya da PSI 4 zuwa 5. A ƙara da cewa ko taya lafiyarta ƙalau takan rasa PSI 1 ko 2 a wata ta jikin roba. Saboda haka awo sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, bai yi yawa ba.

To, ga ja na farko, kuma shi ya fi yawo a bakin samari. Za su ce: ai 'yan tsere rage iska suke yi, su sa 30 a gaba, a baya ma ƙasa da haka, kuma su ne suka fi kowa sanin taya, don me mu ba za mu bi su ba? Gaskiya ne suna ragewa. Abin tambaya shi ne dalilinsu. A filin tsere mahayi yana murɗa totur har ƙarshe, ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, ya kwantar da babur har gwiwa ta taɓa ƙasa, ya maimaita wannan a kowace kwana ba hutawa. Wannan azaba tana ɗaga zafin taya sosai, iskar ciki ta hau da yawa. Suna farawa da kaɗan ne domin in ta hau ta tsaya inda suke so. Lambar da suke nema ta taya mai zafi ce, kuma suna da makanikai da ke auna ta da zarar babur ya tsaya. Filin nasu shimfiɗaɗɗe ne, babu rami, babu goyo, babu kaya, babu tirela a gaba. Tseren MotoGP, wanda shi ne ƙololuwar gasar babura a duniya, bai cika wuce minti 45 ba, daga nan a cire tayar a ajiye. Mai hawa titi so yake tayarsa ta kai shi watanni, ta bi ramuka, ta ɗauki ɗan'uwansa a baya, ta yi awa 3 tana gudu a miƙe cikin rana. In ya ari lambar ɗan tsere, ya ɗauki amsar wata tambaya ce dabam da tasa.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, su kansu 'yan tseren an kafa musu iyaka. Kamfanin Michelin, wanda ya karɓi samar da tayoyin MotoGP a 2016, ya nace cewa gudu da ƙarancin iska yana iya lalata ginin taya daga ciki, kuma a kan baburan da ke haura kilomita 350 a awa wannan batu ne na rai da mutuwa. Daga gasar Silverstone ta Ingila a watan Agustan 2023 aka fara hukunta duk wanda iskarsa ta gaza ƙa'ida, ana bin diddigi da na'urar da ke cikin kowace taya. A 2024 ƙa'idar tayar gaba ita ce bar 1.8, kuma dole ta kai haka a kashi 60 cikin 100 na zagayen tseren. A gasar Assen ta ƙasar Holan a shekarar, Marc Marquez, wanda ya sha ɗaukar kambun duniya, ya gama a na 4, aka ƙara masa daƙiƙa 16 saboda iskar tayarsa ta gaba ta gaza, ya koma na 10. In har masu injiniyoyi da na'urori da sabuwar taya a kowane tsere ba a bar su su rage yadda suka ga dama ba, ina ga wanda ke da gejin awon iska ɗaya a aljihu da hanyar Kaduna a gabansa?

Ja na biyu namu ne na ƙasashen zafi, kuma direbobin mota ma suna yin sa. Ana cewa a bazara a rage iska, domin in rana ta buga ta kumbura kada taya ta yi bindiga. A ido maganar tana da ma'ana, amma ta juya gaskiya ne a baibai. Lafiyayyar taya tana jure iska fiye da abin da zafin rana zai ƙara mata nesa ba kusa ba. Abin da ke fasa taya a bazara shi ne zafin da take haifarwa da kanta saboda lotsawa, ya haɗu da zafin kwalta, wadda a tsakar rana takan kai digiri 60. Wanda ya rage iska ya ƙara lotsawar, ke nan ya ƙara wa wutar itace da hannunsa. Duniyar motoci ta ga misalin wannan. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan da samansu ya riƙa ɓallewa a kan motoci ƙirar Ford Explorer, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bincike ya gano aibi a ƙirar tayoyin da yadda aka yi su, amma ya kuma nuna cewa abin ya fi aukuwa a jihohi masu zafi, kuma tun kafin nan an ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Iskar da Ford ta rubuta wa motar 26 ce, Firestone kuma ta ce 30 ta fi dacewa. Wannan lamari ne ya sa Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa sababbin motoci na'urar gargaɗin ƙarancin iska tun daga 2007. Darasin da ya shafe mu shi ne, a ƙasa mai zafi ƙarancin iska ya fi haɗari fiye da a ƙasa mai sanyi.

Ja na uku shi ya fi nauyi, kuma zan ba shi haƙƙinsa. Masu shi suna cewa 42 ɗin nan an sa ta ne domin mutum biyu da kaya da gudu mai tsanani, kamfani yana kare kansa ne kawai, alhali saurayi mai kilo 60 shi kaɗai ba ya buƙatar haka. Akwai gaskiya a nan. Lamba 73 da ake gani a jikin tayar baya tana nufin kilo 365, kuma sai da cikakkiyar iskarta take ɗaukar wannan nauyi, wanda mahayi ɗaya bai kai ko kusa ba. Wasu kamfanoni ma lamba biyu suke bayarwa, ta mutum ɗaya da ta goyo, kuma in littafinka ya ba ka haka, bi shi. Mahayi marar nauyi da ya rage 2 ko 3 a baya, da geji mai gaskiya, yana sane da abin da yake yi, ba zan ce ya jefa kansa a halaka ba. Sai dai a dubi abin da zai samu da abin da zai bayar. Ɗan ƙarin kamun da zai samu yana can ƙarshen kwanciya ne, inda mai hankali ba ya zuwa a titin da ake haɗuwa da Keke Napep da awaki. Abin da zai bayar kuwa kullum yana tare da shi: kan babur ya yi nauyi a kwana, taya ta riƙa cinyewa a karkace, mai ya ƙara tafiya, sannan ga rami. Tayar baya mai lamba 180/55 tsayin gefenta bai cika santimita 10 ba, ta gaba ma ba ta kai haka ba, kuma iskar ce kaɗai tsakanin bakin rami da rim na alminiyom. Rim in ya lotsa, taya marar tiyub ba ta da abin da zai riƙe mata iska, tana iya sacewa nan take. A hanyoyinmu wannan kaɗai ya isa hujja. Kuma matsalar ragewa ita ce ba ta tsayawa inda aka fara: an rage 3 da gangan, wata ya ci 2, sanyin asuba ya ci 3, geji ya yi ƙaryar 2, sai ga mutum yana yawo da 32 yana zaton 39 gare shi.

Batun geji kuwa, kowa ya sayi nasa ya ajiye a ƙarƙashin kujerar babur. Masu faci suna taimakonmu ƙwarai, amma gejin da ke aiki tun safe har dare, yana faɗuwa ƙasa yana shan ƙura, ba a sa ran ya riƙe gaskiya, kuma hannun da ya saba da tayar mota da ta tirela yakan zarce. Matsa taya da yatsa ko bugunta da ƙafa ba ya nuna komai a wannan irin taya, domin gefenta yana da tauri ko da ta rasa PSI 10.

Mu juya ga zaɓen taya, wanda shi ma batun zafin nan ne. Tayoyin waɗannan babura kusan kashi 3 ne. Akwai na filin tsere da aka yarda a hau titi da su, irin su Pirelli Diablo Supercorsa da Michelin Power Cup 2, masu laushin roba da zane ƙalilan. Akwai na gudu a titi, irin su Bridgestone Battlax S23 da Pirelli Diablo Rosso IV da Metzeler Sportec M9 RR. Sai na gudu da doguwar tafiya, irin su Michelin Road 6 da Bridgestone Battlax T32 da Pirelli Angel GT II da Dunlop Roadsmart. Zuciyar saurayi takan tafi ga kashi na farko, saboda su ne a hotuna, su ne masu tsada, kuma an ce sun fi kama ƙasa. Sun fi kamawa, amma da sharaɗi: sai sun kai zafin da aka yi su dominsa. Shi ya sa a filin tsere ake naɗe tayoyi da bargon lantarki a kai su wajen digiri 80 kafin babur ya motsa. A titi, inda ake tsayawa a danja, a bi bayan mota, a yi tafiya a miƙe iska tana fifita taya, wannan zafi ba ya samuwa, in ya samu ma ba ya zama.

Wani zai ce, ai mu nan kwaltarmu da kanta bargon lantarki ce. Da rana tsaka a watan Afrilu wannan yana da ƙamshin gaskiya, taya takan ɗumama da wuri. Amma babur ba a bazara kaɗai ake hawansa ba. Akwai asubar hunturu, akwai dare, akwai damina. Tayar tsere kafaɗunta kusan sumul suke, babu zanen da zai kori ruwa, ga shi ruwan farko yakan taso da man dizal da baƙin mai da ƙurar da suka yi watanni suna taruwa a kan titi. Tayoyin titi na zamani an cakuɗa robarsu da sinadarin silika, wanda ke sa su kama ƙasa cikin sanyi da jiƙa, kuma an yi musu zane mai zurfi domin wannan rana. Sannan roba mai laushi irin ta tsere, duk lokacin da ta yi zafi ta huce takan ƙara tauri, ta yadda mai zuwa aiki da ita kullum zai wayi gari da taya mai sauran zane amma kamun ya tafi. Ga kuma yanayin hanyoyinmu. Daga Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, ko daga Kano zuwa Maiduguri, yawancin tafiyar a miƙe take, tsakiyar taya ce kaɗai ke aiki. Roba mai laushi nan da nan tsakiyarta za ta baje ta yi kusurwa, sai babur ya riƙa turjewa in an zo kwantar da shi, daga baya kuma ya faɗa cikin kwanar farat ɗaya. Tayoyin kashi na biyu da na uku, musamman na baya, galibi roba iri biyu gare su, mai tauri a tsakiya, mai laushi a kafaɗa, domin maganin wannan. A ganina, mai yawan tafiya tsakanin garuruwa ya ɗauki kashi na uku, zai iske ta ninka ta tsere daɗewa, kuma kamunta ya fi abin da titi zai bar shi ya nema. Mai son ɗan zafin hawa a ƙarshen mako ya tsaya a kashi na biyu. Yashi da tsakuwar da ke taruwa a bakin kwana kuwa, babu tayar da ke kama su, komai tsadarta.

Girman taya a bar shi yadda kamfani ya sa. Rubutun 120/70 ZR17 yana nufin faɗi milimita 120, tsayin gefe kashi 70 cikin 100 na faɗin, rim inci 17, ginin radiyal na gudu mai tsanani, harafin W da kan biyo bayansu kuma kilomita 270 a awa. Masu cusa taya 190 ko 200 a rim ɗin da aka yi domin 180 don bayan babur ya yi kyan gani, su sani rim mai inci 5.5 zai matse ta ya sauya mata siffa, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, tuƙi kuma ya lalace. Gaba da baya su zama 'yan gida ɗaya, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, domin tare aka tsara lanƙwasarsu.

Saura ja na aljihu, wanda ba a raina shi. Sababbin tayoyi biyu na kirki kuɗi ne masu yawa, ga kuma na gwanjo, 'yan Beljiyam, a rabin kuɗin ko ƙasa, da zanensu kamar ba a taɓa hawa ba. Tun farko dai tsofaffin tayoyi irin waɗannan suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Ban da doka, akwai abin da ya kamata mai saye ya sani: wasu daga cikinsu daga filayen tsere na Turai aka ciro su, inda kafaɗa ce ke aiki, tsakiya tana hutawa. Mai saye tsakiya yake dubawa, ya ga zane ya yi murna, alhali kafaɗun da zai dogara da su a kwana sun ƙone sun yi tauri, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi a jikinsu. A nemi lambobi 4 da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ke nan 2319 tana nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin kada a wuce shekara 4 daga ranar ƙira. Michelin kuma tana cewa bayan shekara 5 gwani ya riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Da irin ranar da ke dukan tayoyinmu, ni na fi karkata ga lissafi mai tsauri. Zurfin zane ma yana da iyaka: a Ingila doka ba ta yarda ya gaza milimita 1 a babban babur ba, a Jamus 1.6, kuma wanda zai shiga damina bai kamata ya jira ya kai can ba. Wanda kuɗinsa bai kai na manyan sunaye ba, sabuwar taya mai matsakaicin farashi daga dillalin da aka sani ta fi masa tsohuwar tayar tsere mai babban suna.

In an zo ɗaurawa, a duba kibiyar da ke gefen taya, ta fuskanci inda taya ke juyawa. A sauya bawul tare da taya, a sa masa murfi na ƙarfe mai roba a ciki, domin a gudu mai tsanani juyawa tana iya danna ƙwayar bawul ta saki iska. A yi balansi. Sabuwar taya kuma a bi ta a hankali kilomita 150 zuwa 200 na farko, ana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, har samanta ya goge mahayi kuma ya saba da sabuwar siffarta. In ƙusa ta shiga tsakiya, igiyar robar da ake cusawa daga waje ta kai mutum gida ce kawai, gyaran kirki sai an cire taya an duba cikinta an toshe daga ciki, kuma wasu kamfanoni ba su yarda da faci ko kaɗan ba a tayar da ke da alamar ZR. Huda a gefe ko a kafaɗa ba ta da faci, sai sauyi.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.